Yadda ake haɗa aikatau biyu a yaren J ba tare da lissafi ya watse ba

Shekara biyu ke nan ina riƙe wa kawuna littafin shagonsa na hatsi a Birnin Kebbi. Shanshera yake saye daga manoman fadamar Argungu, gero da wake kuma daga kasuwar Jega. Da yamma idan an rufe sito, ni ne mai zama da littafi in fitar da abin da ya shigo da abin da ya fita. Da kalkuleta na fara, daga baya na koma yin lissafin da wani yaren kwamfuta mai suna J a wayata, domin layi ɗaya a cikinsa yana yin aikin da kalkuleta za ta ci minti goma tana yi.

Wata rana na ga ina maimaita layi guda kullum, sai na ce bari in ba shi suna in huta. Na haɗa aikin ninkawa da aikin tarawa, na sa musu suna, na ba su buhunan ranar da farashinsu. Maimakon lamba ɗaya sai lambobi uku suka fito. Kawu yana tsaye a kaina, ya leƙa wayar ya ce, "Ɗana, wanga abu naka jimla muka tambaye shi. Abin da muka ba shi ne ya maido muna." Gaskiyarsa ne. Kwamfutar ba ta yi ƙorafin kuskure ba, ba ta tsaya ba, amsa kawai ta bayar wadda ba ita ake nema ba. Daren nan ban kwanta ba sai da na gano inda gizo ke saƙar. Abin da na gano shi zan bi da kai a kansa daki-daki, ka riƙa bugawa da hannunka muna tafiya.

Ka fara da abin da ke aiki

J jikan APL ne, wani tsohon yaren kwamfuta. Kenneth Iverson, ɗan ƙasar Kanada, shi ya fito da tsarin APL a littafin da ya wallafa a 1962, aka ba shi lambar yabo ta Turing a 1979. A 1990 shi da Roger Hui suka fitar da J, wanda ake rubutawa da alamomin da ke kan kowace kwamfuta, ba irin haruffa na musamman da APL ke bukata ba. Kyauta ake saukar da shi daga shafin jsoftware.com, yana aiki a Windows da Linux da Mac da wayar Android. Iverson ya ari sunayen nahawu ya raɗa wa sassan yaren, abin da ya zo wa Bahaushe daidai: lambobi su ne suna, ayyuka irin tarawa da ninkawa su ne aikatau, akwai bayanau mai sauya halin aikatau ɗaya, akwai kuma mahaɗi mai ɗaure abu biyu ya fitar da sabon aikatau.

Buɗe J ka rubuta wannan. Layin da aka tura ciki shi ne abin da kake bugawa, wanda ke manne da gefe kuma amsar J ce. Farashin na misali ne, a dubban naira. Alamar `=:` ita ce ke raɗa wa abu suna.

       buhu =: 12 30 8
       farashi =: 45 38 52
       buhu * farashi
    540 1140 416
       +/ buhu * farashi
    2096

Buhu 12 na shanshera, 30 na gero, 8 na wake. Alamar `*` ta ninka kowane adadi da farashin da ke daura da shi. `+/` kuma tana nufin a cusa alamar tarawa tsakanin duk abin da ke jerin, wato 540 a tara da 1140 a tara da 416. J daga dama yake karantowa zuwa hagu, kamar ajami, kuma ba ya fifita ninkawa a kan tarawa yadda aka koya mana a firamare. Idan ka buga `2 * 3 + 4`, 14 za ka gani, ba 10 ba. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ka haifar da matsalar da hannunka

Mahaɗin da kowane sabon shiga ke fara cin karo da shi shi ne `@`. Ana ce maka `u@v` yana nufin a yi `v` sannan a yi `u` a kan sakamakon. Gwada:

       jimla =: +/ @ *
       buhu jimla farashi
    540 1140 416

Ga abin da Kawu ya gani. Kamar tarawar ba ta gudana ba sam. Yanzu ƙara ruwa biyu a bayan alamar:

       jimla =: +/ @: *
       buhu jimla farashi
    2096

Ɗigo biyu kacal suka raba amsar banza da amsar gaskiya. Mutane da yawa a nan suke tsayawa, su haddace cewa idan `@` ya ƙi a sa `@:`. Ban yarda da tsayawa a nan ba, domin wanda bai san dalili ba zai sake faɗawa ramin ta wata ƙofar, kuma ƙofofin suna da yawa.

Ka tambayi kowane aikatau awonsa

Je ka kasuwar albasa a Aliero ka duba. Wani ƙwaya-ƙwaya yake sayarwa, wani kashi-kashi, wani kuma ba ya magana sai a kan buhu. Albasar ɗaya ce, awon ne ya bambanta. Haka aikatau suke a J. Kowannensu yana da awon da yake ɗiban kaya da shi, abin da littattafan J ke kira ranki. Awo 0 ƙwaya ɗaya ce, lamba guda. Awo 1 jeri ne. Awo 2 tebur ne mai sahu-sahu. Akwai kuma awo marar iyaka, wanda ake rubutawa da ɗan layin ƙasa `_`, ma'anarsa a kawo duk abin da ke akwai a ɗauka gaba ɗaya.

Ba sai ka yi hasashe ba, tambaya ake yi da `b. 0`:

       * b. 0
    0 0 0
       +/ b. 0
    _ _ _

Lambobi uku ke fitowa. Ta farko awon aikatau ne idan abu ɗaya aka ba shi a damansa. Ta biyu da ta uku awonsa ne na hagu da na dama idan abu biyu aka ba shi. Ninkawa 'yar ƙwaya-ƙwaya ce. Da ka ga ta ninka jeri da jeri ɗazu, ba jerin ta ɗauka ba. J ne ya yanka mata kayan, ya miƙa mata 12 da 45, sannan 30 da 38, sannan 8 da 52, ya tattara amsoshin ya jera. `+/` kuwa komai take haɗiyewa a lokaci guda.

To yanzu tambayi haɗin da muka yi:

       (+/ @ *) b. 0
    0 0 0
       (+/ @: *) b. 0
    _ _ _

Nan asirin yake. Aikatau ɗin da `@` ya haifa yana gadon awon na damansa. Tunda ninkawa awo 0 gare ta, haɗin gaba ɗaya ya zama na ƙwaya-ƙwaya. J ya ɗauki 12 da 45, ya ninka ya sami 540, nan take ya miƙa wa `+/` wannan 540 ita kaɗai. Tara lamba ɗaya tilo kuwa ita ce dai lambar. Buga `+/ 540` ka gani. Ya koma ya yi haka da na biyu, ya yi da na uku. Tarawar ta gudana har sau uku, sai dai kowane karo abu ɗaya aka ajiye mata.

Yadda na fahimtar da kaina shi ne da abin da nake gani kullum a bakin sito. Idan mota ta zo, akwai hanya biyu ta sauke kaya. Ko dai kowane ɗan dako ya sauko da buhunsa ya kai wa malamin sikeli, a gama da shi, sannan na baya ya matso. Ko kuma a sauke motar duka a jibge, sannan a kira malamin ya zo ya ga tulin. Idan ka ce wa malamin ya tara abin da ke gabansa, a hanya ta farko buhu ɗaya yake gani kowane lokaci. `@` ita ce hanya ta farko, `@:` ta biyu. Babu wadda ta lalace a cikinsu, aikinsu ne daban.

Akwai dalilin da ya sa mutum yake daɗewa bai gane ba. Wasu haɗe-haɗen da aka fi yawan gani suna aiki lafiya da `@`. Misali `+/ @ ,` yana tara duk lambobin tebur, kuma daidai yake bayarwa, saboda waƙafin nan mai shimfiɗe tebur ya zama jeri awonsa marar iyaka ne, gadon da aka ci bai cutar ba. Haka kuma idan ka gwada aikinka da lamba ɗaya a kowane gefe, `12 jimla 45`, duka hanyoyin biyu 540 za su ba ka. Sai ranar da kaya suka yi yawa bambancin zai fito.

Idan sarƙar ta wuce biyu

Ƙarshen mako mukan ƙirga abin da ke sito mu gwada da abin da littafi ya ce. Ina son lamba ɗaya da za ta gaya min buhu nawa ne suka saɓa, ko ƙari ko ragi.

       littafi =: 12 30 8
       sito =: 11 32 8
       littafi - sito
    1 _2 0

J da layin ƙasa yake rubuta lambar da ta gaza sifiri, `_2` ke nan. Aikatau `|` yana cire wannan alamar ya bar girman lambar. Aiki uku ne a jere: a ɗebe, a cire alama, a tara. Na riga na koyi darasi, don haka na sa ruwa biyu a gaban tarawa:

       sabani =: +/ @: | @ -
       littafi sabani sito
    1 2 0

Ya sake watsewa, alhali `@:` na nan. Dalili shi ne mahaɗi ba ya bin dokar dama zuwa hagu da aikatau ke bi. Ta hagunsa yana kwashe duk abin da aka riga aka ɗaure, ta damansa kuwa kalma ɗaya tak yake kamawa. Saboda haka J ya karanta layin a matsayin `(+/ @: |) @ -`. Mahaɗi na ƙarshe shi ne uban tafiya, shi kuma `@` ne, na damansa ɗebewa ce mai awo 0. Duk abin da ke cikin baka biyun, komai faɗin awonsa, ƙwaya ɗaya-ɗaya ake miƙo masa.

Gyaran iri biyu ne, duka suna ba da 3:

       littafi (+/ @: | @: -) sito
    3
       littafi (+/ @: (| @ -)) sito
    3

Na farkon na fi so, ya fi sauƙin karantawa bayan wata shida. Idan kana shakkar yadda J ya ɗaure maka layi, kada ka tsaya gardama da allo. Buga `5!:6 <'sabani'`, zai maido maka da aikatau ɗin da baka biyu a duk inda ya ɗaure. Wannan ɗan umarnin ya fi kowane abu rage min ɓata lokaci.

Dokar kalma ɗaya ta dama tana da wani tarkon. Akwai mahaɗi `&`, wanda ke yi wa kowane gefe aiki ɗaya tukuna sannan ya gama su: `3 +&*: 4` yana ninka 3 da kanta, ya ninka 4 da kanta, ya tara, 25. Na so in tara littafi, in tara sito, in ɗebe:

       littafi -&+/ sito
     1 _20  4
    19  _2 22
    _3 _24  0
       littafi -&(+/) sito
    _1

A layin farko `&` ya kama `+` kaɗai, sandar `/` ta faɗo a kan haɗin duka, sai ta mai da shi mai gina tebur, kowace lambar hagu da kowace ta dama. Baka biyu ne suka mai da `+/` kalma ɗaya. Shi ma `&` gadon awo yake yi kamar `@`, kuma yana da ɗan'uwa `&:` da ba ya gado.

Ka gwada da tebur, kuma kada sahu da layin tsaye su zo daidai

Wannan sashen ka natsu a kansa, domin shi ne wanda zai iya cin kuɗin mutum. Ga cinikin kwana uku, kowane sahu rana ɗaya; `3 3 $` ne ke jera lambobin a sahu uku da layin tsaye uku:

       mako =: 3 3 $ 12 30 8 10 25 6 15 20 9
       mako
    12 30 8
    10 25 6
    15 20 9
       mako jimla farashi
    1700 3340 1056

Lambobi uku, kwana uku, kuma `jimla` ɗin nan gyararren ne mai `@:`. Ido zai ce an gama. Amma mun san ranar farko 2096 ce, ga shi babu ita a amsar. Abin da ya faru: idan aka ba ninkawa tebur da jeri, J yana daidaita su ta farkon siffarsu, wato lamba ta farko a jeri ta tafi ga sahu na farko dukansa. An ninka duk kayan ranar farko da 45, na rana ta biyu da 38, na ta uku da 52. Sannan `+/` ta tara sahu a kan sahu, ta ba da jimlar kowane layin tsaye. Lissafin da ba shi da ma'ana ko kaɗan, amma ya fito tsaf da shi.

Abin da muke so shi ne a ɗauki sahu ɗaya da jerin farashi, a yi musu `jimla`, a koma na gaba. Mu za mu faɗi awon da bakinmu, da mahaɗin awo `"`:

       mako jimla"1 farashi
    2096 1712 1903

Ɗauki biro ka tabbatar da ta tsakiya: 450 da 950 da 312, 1712. Daidai.

Da kwana biyu na gwada maimakon uku, da J ya tsaya ya ce `|length error`, domin sahu biyu ba za su daidaita da farashi uku ba, da na farga nan take. Daidaituwar kwana uku da kaya uku ce ta rufe ɓarnar. Tun ranar ban ƙara gwada sabon aikatau da tebur mai sahu daidai da layin tsaye ba. Biyu da uku nake yi, ko huɗu da uku.

Kada kuma ka ɗauka `"1` magani ne ga `@`. Buga `mako +/@*"1 farashi`. An yanka teburin sahu-sahu, gaskiya ne, amma a cikin kowane sahu haɗin yana nan da awonsa na gado, ya sake yankawa ƙwaya-ƙwaya. Tebur za ka samu mai 540 1140 416 a sama, babu tarawa. Awon waje ba ya goge na ciki, a kansa yake hawa.

Idan ka cire mahaɗin gaba ɗaya

Kusan kowa sai ya gwada wannan. Tunda `+/ buhu * farashi` ya yi aiki, me zai hana a cire sunayen a bar aikatau biyun a jere?

       gwaji =: +/ *
       buhu gwaji farashi
    13 13 13
    31 31 31
     9  9  9

Aikatau biyu a jere ba tare da suna ba, J ƙugiya yake ɗaukarsu. Ƙugiya `(f g)` tana yi wa na dama `g` shi kaɗai, sannan ta gama na hagu da sakamakon ta hanyar `f`. A nan `*` ya sami abu ɗaya ne kawai, kuma idan abu ɗaya aka ba shi ba ninkawa yake yi ba, yana faɗin ko lamba ta haura sifiri: 1 1 1. Ita kuma `+/` da ta sami abu biyu sai ta gina teburin tarawa. 12 da 1, 13. Daga nan 13 ɗin ta fito.

Aikatau uku a jere kuma cokali mai yatsu ne: na hagu da na dama kowanne ya yi aikinsa a kan kayan, na tsakiya ya gama amsoshinsu. Shahararren misalinsa matsakaici ne, `+/ % #`, wato jimla a raba da adadi, domin `%` ita ce rabawa a J. `(+/ % #) farashi` zai ba ka 45. Idan ka toshe yatsan hagu da `[:`, sai ya zama haɗi irin na `@:`:

       buhu ([: +/ *) farashi
    2096

Wasu sun fi son wannan salon saboda yana karantuwa kamar jimlar magana. Ni nakan yi amfani da shi idan sarƙar ta yi tsawo.

Wanda ya zo daga wani yaren na wannan dangi ya yi hattara a nan. A Dyalog APL, wanda ya shigo da irin wannan jerin aikatau a fitowarsa ta 14.0 a 2014, aikatau biyu a jere ba ƙugiya ba ne, haɗi ne kai tsaye: a yi na dama, a miƙa wa na hagu sakamakon duka. `buhu (+/×) farashi` a can 2096 zai bayar. BQN ma haka yake yi. Rubutu kusan iri ɗaya, ma'ana daban, don haka misalin da ka tsinta na APL kada ka juye shi cikin J ido rufe.

Inda `@` ya fi dacewa

Kada abin da ya gabata ya sa ka tsani `@`. Akwai aikin da ya fi `@:` iya yinsa da kyau. Ga sunayen garuruwan da muke sayayya, kowanne a akwatinsa, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne:

       gari =: 'Jega';'Argungu';'Yauri'
       # @ > gari
    4 7 5
       # @: > gari
    3

`>` yana buɗe akwati, awonsa 0, akwati ɗaya-ɗaya. `#` yana ƙirgawa. Da `@`, ana buɗe akwati a ƙirga haruffansa kafin a taɓa na gaba: 4, 7, 5. Da `@:`, sai an buɗe duka an jera su a tebur, sannan a ƙirga sahun teburin, 3. Kuma wajen jerawar akwai abin da ke faruwa a ɓoye. Tebur ba ya yarda da sahu gajere da dogo, don haka J yana cike gajerun da fili har su kamo mafi tsawo. Buga `$ > gari` za ka ga `3 7`, wato siffar teburin, sahu uku masu harafi bakwai-bakwai. Buga `#"1 > gari` za ka ga `7 7 7`, Jega ta zama mai harafi bakwai. Idan lambobi ne a akwatunan, da sifiri ake cikewa, kuma sifirin nan zai shiga matsakaicinka ya ja shi ƙasa ba tare da ka sani ba. `@` yana kai aikin ga kowane kaya tun kafin a yi wannan cikon. Amfaninsa ke nan, kuma babba ne.

Abin da nake yi yanzu shi ne `@:` nake fara rubutawa a ko'ina. Ba na cire ruwa biyun sai ina iya faɗa da baki cewa ina son aikin hagu ya gudana a kan kowane yanki daban.

Ka gina na gaske, ka bi shi da bincike

Mu haɗa abin da Kawu ya fi tambaya: a kan nawa buhu ya tsaya mana yau idan aka gama kaya duka? Matsakaicin farashi 45 ba shi ne amsa ba, tunda gero mai araha ya fi yawa. Kuɗin duka za a raba da buhunan duka.

Fara rubuta shi da sunaye, ba tare da wani mahaɗi ba, domin a wannan sigar kowane aikatau yana gama aikinsa kafin na hagunsa ya karɓa:

       (+/ buhu * farashi) % +/ buhu
    41.92

Wannan ita ce amsar da za ka riƙa aunawa da ita. 2096 a raba da 50. Sai ka mai da shi aikatau mai suna. Cokali mai yatsu ne: yatsan hagu `jimla`, tsakiya rabawa, yatsan dama tara abin da ke hagu. `[` yana ɗauko kayan hagu, awonsa marar iyaka ne, amma duk da haka ruwa biyu zan sa:

       tsayawa =: +/@:* % +/@:[
       buhu tsayawa farashi
    41.92

Ya dace da na farko. Tambayi awonsa da `tsayawa b. 0`, ka ga `_ _ _`, ka san ke nan duk abin da ka ba shi gaba ɗaya zai ɗauka, kuma idan tebur ne sai ka faɗa masa awo. Duba ɗaurinsa da `5!:6 <'tsayawa'`. Sannan ka lalata shi da gangan, ka cire ruwa biyun farko, don idonka ya san kamannin kuskuren: `10.8 22.8 8.32` zai fito, lambobi uku a inda ake jiran ɗaya. Duk lokacin da amsa ta zo da siffar kayan da ka shigar alhali taƙaitawa ka nema, awo ne ya yi gado. `$` a gaban amsa yana gaya maka siffarta ko da lambobin sun yi yawa ba ka iya ƙirgawa.

Saura gwajin tebur, mai sahu biyu da layin tsaye uku. `2 {. mako` yana ɗauko kwana biyun farko:

       (2 {. mako) tsayawa farashi
    |length error
       (2 {. mako) tsayawa"1 farashi
    41.92 41.7561

Ƙorafin farko alheri ne, shi ya tuna maka da `"1`. Rana ta biyu buhu 41 ne a kan 1712, ka raba da kalkuleta za ka sami 41.7561. Idan ya dace, sai ka ba shi makon duka, ka ajiye layukan `jimla` da `sabani` da `tsayawa` a fayil guda, kowanne da `NB.` a gefensa, wato alamar da J ke tsallake duk abin da ya biyo bayanta a layi. A nan nake rubuta wa kaina da Hausa abin da ke shiga hagu, abin da ke shiga dama, da lamba nawa ya kamata su fito.